Dogaran Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa

A Babban Mutum ta ƙasar Ɓaure, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, idan tsohuwa ta sallame Azahar ta sake tayar da ita, ko ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa, mutanen gida kan ce gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce, marasa tsoron Allah kuwa har su jefe ta da maita. Alhali, bisa ga tahakikin likitoci, galibin irin wannan ruɗewa cuta ce mai sababi, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906.

Cikin hikimar Ubangiji, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa da ake kira mikrogiliya, waɗanda masanin Sifen Río Hortega ya siffanta a 1919, aikinsu kuwa irin na dogarai ne, su kewaya, su kama baƙo, su kwashe abin da ya lalace. To, amma idan dattin furotin amiloid ya taru shekara da shekaru, sai su harzuƙa, su yi ta zubo sinadaran kumburi, har ɓarnar ta faɗa wa jijiyoyin da aka ba su amanar tsarewa. Da aka gano a 2013 cewa tangarɗa a ƙwayar gado TREM2, wadda suke aiki da ita, tana ƙara haɗarin cutar, sai hankalin masana ya koma kansu.

Mas'alar ita ce ba ya halatta a buɗe kan mai rai a ɗebo su, ɓeran gwaji kuma, komai amfaninsa, ba mutum ba ne. Shinya Yamanaka na Japan ya kawo mafita a 2007, da ya mayar da ƙwayoyin fatar mutum zuwa halinsu na asali, inda za su iya zama kowane iri. Wajen 2016 da 2017 masana a Amurka suka raini mikrogiliya ta wannan hanya. Ba lallai sai fata ba, ɗan jini kaɗan ake ɗiba, a mayar da ƙwayoyinsa halinsu na asali, a raine su makonni a ƙaramin faranti mai ɗumin jikin mutum, sa'annan a zuba musu amiloid, a sa madubin ƙara girma a kalli yadda suke haɗiyarsa, a gwada maganin da zai kwantar da su ba tare da ya kashe himmarsu ba.

Illa dai mafi yawan ƙwayoyin da ake rainon na Turawa ne, wannan kuwa naƙasu ne babba, domin binciken da aka fara a Ibadan da Indiyanafolis a 1992 ya nuna cewa ƙwayar gado APOE4, mai tsananin haɗari ga Bature, tasirinta bai kai haka ba ga Yarbawa. Shi ya sa Dakta Mahmoud Bukar Maina, wanda ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, a 2021, ya himmatu ga rainon ƙwayoyin daga jikin mutanenmu na Arewa.