Gwada Lafiyar Injin Mota Kafin a Sayar da Ita

Gabatarwa

Akasarin motocin da ke yawo a titunan Nijeriya ba sababbi aka sayo su ba. Wasu an shigo da su ne daga Amurka ko Turai bayan an more su, su ne ake kira tokumbo, kalmar da aka aro daga Yarbanci mai nufin abin da ya tsallako teku. Wasu kuwa nan gida suka sha hannu, daga wannan zuwa wancan. Duk lokacin da aka yi zancen cinikin irin waɗannan motoci, mai saye ake yi wa nasiha: buɗe idonka, tafi da bakanikenka, kada ka yi cinikin biri a sama. Ni kuwa a wannan maƙala da mai sayarwa nake. A ganina shi ya fi kowa buƙatar sanin lafiyar injinsa kafin ya kai mota kasuwa. Wanda bai san abin da ke hannunsa ba, ɗayan biyu ne zai same shi: ko dillali ya karya masa farashi da ciwon da babu shi, ko kuma shi ya sayar wa wani bawan Allah ciwon da bai san da shi ba, rigima ta biyo baya. Bayanan da zan kawo na tsinto su ne a garejin wani ɗan'uwana bakanike, inda nakan yi hutu ina miƙa masa sifana, na kuma haɗa da abin da na karanta.

Yadda Inji Yake Aiki

Injin fetur na mota yana aiki ne da bugu huɗu, tsarin da wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876. A bugun farko fistan yakan sauka a cikin silinda ya zuƙo iska da fetur. A na biyu ya hau ya matse su. A na uku fulogi ya ba da wuta, su kama, ƙarfin ya tura fistan ƙasa. A na huɗu ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Ƙarfin inji ya dogara ne a kan wannan matsi na bugu na biyu, kuma abubuwa uku ne ke tsare shi kada ya zurare: zobban da ke jikin fistan, waɗanda kanikawa ke kira ringi, da bawul, da gasket ɗin da ke tsakanin gangar inji da murfin silinda. Idan mai karatu ya riƙe waɗannan uku, zai ga cewa yawancin gwaje-gwajen da ke tafe tambaya ɗaya suke yi, wato shin silinda tana riƙe abin da aka zuba mata?

Gwaji da Ido da Kunne

Wannan gwaji da sassafe ake yin sa, bayan mota ta kwana ba a tashe ta ba, domin inji mai ɗumi yakan ɓoye ciwonsa. Ka fara da duba ƙasa inda ta kwana, ko akwai ɗigon baƙin mai ko na ruwa. Sai ka zaro gejin mai ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin nan biyu. Idan ya yi baƙi, wataƙila lokacin juye ne kawai ya yi. Amma idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga mai ke nan, kuma gasket ake fara tuhuma. Idan ka murza shi a yatsa ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, wani abu yana cin ɗan'uwansa a ciki. Daga nan ka buɗe lagireto, tun inji yana da sanyi, ka duba ko mai yana yawo a kan ruwan. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan kan yi tsartuwa ya ƙona fuska.

Yanzu sai ka murɗa makulli ba tare da ka tashi inji ba. Fitilun gargaɗi su kama duka, har da mai hoton butar mai da mai hoton inji. Da inji ya tashi, su mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan fitilar mai ta yi jinkiri, ko ta riƙa ƙyaftawa bayan inji ya yi zafi, man ba ya zagayawa da ƙarfi. Sai ka kasa kunne. Ƙaramar ƙara mai sauri daga saman inji sau da yawa ta ɓangaren bawul ce, gyaranta bai cika tsada ba. Bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, shi ne abin tsoro, domin yakan kai ga sauke inji.

Abin da Hayaƙi Yake Faɗa

Ka sa wani ya taka totur, kai kuma ka tsaya a baya ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, ko dai ringi sun cinye ko robobin bawul sun bushe. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya yi wa iska yawa, wanda sau da yawa gyaransa mai sauƙi ne, kamar sauya matatar iska ko wanke bututun fesa mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ko bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Amma ɗan tururi da ɗigon ruwa da safe, musamman da damina ko lokacin hunturu, ba ciwo ba ne, kada wani ya tsorata ka da shi. Haka kuma ka cire murfin zuba mai inji yana aiki. Ɗan huci ba komai, amma idan hayaƙi yana bulbulowa kamar murhun ɗanyen itace, matsi yana zurarewa ta gefen ringi.

Gwajin Matsi

Wannan shi ne babban gwaji, domin shi lamba yake bayarwa, lamba kuwa ba a yi mata gardama. Ana yin sa da wani ma'auni mai fuska kamar agogo, wanda ake samu a wajen kanikawa da dama da kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas. Ga yadda ake yi. A bar inji ya yi ɗumi, a kashe. A cire fulogi duka. A katse wuta da fetur don kada inji ya tashi. A ɗaura ma'aunin a ramin fulogi na farko, a danne totur har ƙasa, a murɗa makulli inji ya juya kamar sau biyar ko shida, sai a rubuta lambar da allura ta tsaya. Haka za a bi sauran silinda ɗaya bayan ɗaya. Dole batir ya kasance da caji sosai, in ba haka ba lambobin za su yi ƙasa a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

Lafiyayyen injin fetur yakan nuna tsakanin 125 da 180 a awon psi, gwargwadon ƙirarsa, kuma duk abin da ya gaza 100 abin dubawa ne. Sai dai abin da ya fi muhimmanci shi ne lambobin su yi kusa da juna. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tazarar ta wuce kusan kashi 10 cikin 100. A misali, idan silinda huɗu suka ba da 160 da 155 da 158 da 110, ta huɗun tana da matsala, tun da bai kamata a sami wadda ta gaza 144 ba. Don a gane inda ciwon yake, sai a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya a ramin fulogin a sake gwadawa. Idan lambar ta tashi sosai, ringi ne, domin man ya toshe tazarar na ɗan lokaci. Idan ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Idan kuma silinda biyu maƙwabtan juna suka yi ƙasa tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Injin gas, wato dizal, matsinsa ya fi wannan nesa ba kusa ba, don haka ma'auninsa daban ne.

Gwaji da Na'ura da Gwajin Hanya

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 ba su da kwamfuta, amma motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da tsarin da ake kira OBD. Akwai wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, ita kuma ta karanto koke-koken da kwamfutar motar ta ajiye. Misali, lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, P0300 kuma tsallaken ba a wuri ɗaya yake ba. Na'urar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta maye gurbin gwajin matsi.

A ƙarshe sai a hau titi na kamar minti ashirin, a haɗa da cunkoso da hawan gada da kuma sakin gudu. A lura ko allurar zafi tana tsayawa wajen tsakiya, ko fanka tana kamawa, ko mota tana shaƙewa idan an taka ta. Bayan an dawo a sake leƙa ƙarƙashinta, domin wani yoyon sai da zafi yake fitowa.

Bayan an Gano Ciwo

Idan gyaran ƙarami ne, kamar fulogi ko matata ko robar da ke yoyo, a gyara, domin kuɗinsa kaɗan ne amma abin da mai saye zai zabge saboda shi mai yawa ne. Idan babba ne, kamar ringi ko gasket, sai a tambayi kuɗin gyara a wurin kanikawa biyu, sannan a zaɓa: ko a gyara, ko a faɗa wa mai saye a rage masa daidai wannan kuɗin.

Akwai hanya ta uku da wasu ke bi, wadda nake jan kunnen mai karatu a kanta. Sukan zuba mai kauri don hayaƙi da ƙara su lafa, ko su ɗumama inji kafin mai saye ya iso, ko su goge lambobin kwamfuta, ko ma su cire ƙwan fitilar gargaɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na'urar bincike tana nuna cewa ba a daɗe da goge lambobi ba, fitilar da ta ƙi kamawa da murɗa makulli ita ma ta tona asiri. Ko da an yi nasara a ranar, a tuna cewa mai sayen yana iya zama ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa don ya yi kabu-kabu ya ciyar da iyali. Idan inji ya buga bayan mako biyu, jarinsa ne ya tafi, kuma ya san gidan wanda ya sayar masa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa da ido da kunne da ma'aunin matsi da na'urar bincike, mai mota zai iya sanin halin da injinsa yake ciki a yini ɗaya. Shawarata ita ce a rubuta lambobin matsi da ranar da aka yi gwajin, a haɗa da rasiɗan juyen mai da na gyara, a miƙa wa mai saye tun kafin ya tambaya, a kuma ba shi dama ya zo da bakanikensa ya maimaita. Gani ya kori ji. Mai wannan takarda a hannu ba ya jin tsoron dillali, kuma idan an yi ciniki an rabu lafiya, gobe ma a gaisa. Allah ya sa mu dace.