Ɗan tayin kwana biyar da ya raba kan majami'u

A shekarar 1998 ne James Thomson na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka ya yi nasarar raya ƙwayoyin asali da ya ciro daga ɗan tayin mutum. Ƙwayoyi ne da ke iya rikiɗa su zama jini, ko jijiya, ko tsokar zuciya, abin da ya sa likitoci suka ɗora musu dogon buri. Sai dai ba a ciro su ba tare da an halaka ɗan tayin ba, wanda a lokacin bai wuce kwana biyar ko shida ba. A nan gizo ke saƙa.

Cocin Katolika ba ta yi wata-wata ba. Takardar koyarwa da Fadar Fafaroma ta fitar a 2008, Dignitas Personae, ta jaddada cewa martabar ɗan Adam tana farawa ne tun daga ɗaukar ciki, don haka ba a kashe wani domin a warkar da wani, komai ƙanƙantarsa. Manyan majami'un Baptis na kudancin Amurka sun bi wannan sahu, suna kafa hujja da Zabura ta 139 da farkon littafin Annabi Irmiya.

Wasu kuwa, irin su Cocin Presbyterian ta Amurka, sun kalli lamarin ta wata fuska. Asibitocin haɗa ciki a kwalba suna da rarar 'yan tayi a daskare, waɗanda ƙarshensu zubarwa ne. Idan iyaye sun yarda, me zai hana su amfani marar lafiya, tunda warkarwa na cikin aikin Almasihu? Hujja ce mai nauyi, ko da yake masu suka na cewa wanda zai mutu gobe ba a halatta jininsa yau.

Siyasa ta shigo: George Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati ga binciken a 2001, Barack Obama ya sassauta a 2009. Amma wanda ya rage zafin gardamar masani ne ɗan Japan, Shinya Yamanaka, da ya nuna a 2007 cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma tamkar ta ɗan tayi. Ya samu kyautar Nobel a 2012.

Abin da kan shige wa mutane duhu shi ne, babu wata babbar coci da ke adawa da ƙwayoyin asali na ɓargo ko na jinin cibiya. Da su ake dashen ɓargo ga masu sikila, aikin da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara yi a Najeriya a 2011. Sashe na 50 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ya haramta kwafin ɗan Adam da shigowa ko fitar da 'yan tayi, bai taɓa dashen ɓargo ba.