Rumbun Harsasai a Amurka: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Akwai wasu mutane a Amurka da sunan da ya fi dacewa da su shi ne 'yan ko-ta-kwana. Sun sa a ransu cewa wata rana gwamnati za ta durƙushe, ko wutar lantarki ta ɗauke ta ƙi dawowa, ko annoba ta rufe kasuwanni, kowa tasa ta fisshe shi. Saboda haka suke cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da abincin gwangwani da ruwa da magani, uwa uba bindigogi da akwatunan harsasai. Ƙasar kuwa da ma cike take da makamai. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a can, wato wajen 120 ga kowane mutum 100. Duk da haka, da zarar an yi zaɓe ko wani tashin hankali, sai ka ga layi a ƙofar shagunan bindiga. Maganganun da ke kai mutane wannan layi suna da wuyar kashewa, domin kusan kowacce akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, an dai lulluɓe ta da ƙaiƙayi mai yawa.

Wadda ta fi kowacce tsawon rai ita ce wai gwamnati ce ke saye harsasai ta ɓoye don su gagari talaka. Ta yi ƙamari a 2012 da 2013, zamanin Barack Obama, lokacin da aka yi ta yaɗa cewa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta sayi harsashi biliyan 1.6 tana shirin yaƙar 'yan ƙasa. Adadin ba daga sama ya faɗo ba, a takardun kwangila aka tsinto shi. Sai dai abin da takardun suka nuna shi ne iyakar abin da ma'aikatar ke da damar saye cikin shekaru masu yawa idan ta buƙata, ba kayan da aka kawo aka jibge ba. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya bi diddigin maganar, ya fitar da rahoto a Janairun 2014. Ma'aikatar tana da jami'ai masu ɗauke da makami sama da 70,000, akasarin harsasan a filin atisaye suke ƙarewa, kuma sayayyarta raguwa take yi tun 2009, har ta sauko zuwa miliyan 84 a 2013. A ƙasar da masana'antu ke ƙera biliyoyin harsasai duk shekara, wannan bai isa ya share kantuna ba.

Amma fa kantunan sun bushe, wannan gaskiya ne. Bayan kisan yaran makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, an shiga fargabar za a tsaurara doka, mutane suka yi rububin saye, har ƙaramin harsashin nan mai lamba .22 da ake harbin zomo da shi ya yi shekaru yana wuyar samu. A 2020 abin ya dawo da ƙarfi: ga korona, ga zanga-zangar kisan George Floyd, ga zaɓe. A shekarar, hukumar FBI ta tantance masu neman bindiga sau miliyan 39.7, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan (kodayake ba kowace tantancewa ce ke nufin an sayi bindiga ba). A Disambar wannan shekara Jason Vanderbrink, shugaban kamfanin harsasai na Federal, ya fito a bidiyo cikin ɓacin rai yana musanta zargin cewa suna da ɗakunan ajiya na asiri. Lissafinsa mai sauƙi ne: sabbin masu bindiga miliyan 7, kowanne ya sayi kwali biyu kacal, an tashi da harsashi miliyan 700 da babu wanda ya yi tanadinsu. Masana'antar harsashi ba a faɗaɗa ta cikin wata guda, kuma masu ita ba sa son gina sabuwa don rububin da sun san zai lafa. Wanda ya taɓa ganin yadda ji-ta-ji-tar ƙarancin man fetur ke sa kowa ya fito da jarkoki har man ya ƙare da gaske, ya riga ya fahimci lamarin. Mai tarawar shi ne ke haifar da ƙarancin da yake gudu.

Akwai ƙananan 'yan'uwan wannan magana da ba sa buƙatar dogon bayani. An ce rufe masana'antar narka dalma ta Herculaneum a jihar Missouri a ƙarshen 2013 dabara ce ta kashe sana'ar harsashi ta bayan gida. An rufe ta, kuma ita ce ta ƙarshe a ƙasar mai narka dalmar da aka haƙo daga ƙasa, amma dokar gurɓata iska ce ta ci ta, masu ƙera harsashi kuwa galibi da dalmar tsofaffin baturan mota suke aiki. An kuma ce gwamnati ta sa ana ƙera harsasan da za su mutu da kansu bayan 'yan shekaru. Babu wannan. Harsashin da bai sha danshi ko zafi ba yakan yi gomman shekaru yana tashi. Wadda ta tabbata ita ce hana shigo da harsasan Rasha: a Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta sanar da daina ba da sabon izini, cikin takunkumin da ya biyo bayan sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny guba, kuma hakan ya taɓa kasuwar harsashi mai araha.

Sai babbar hujjar 'yan ko-ta-kwana, wadda ya kamata a tsaya a kanta sosai: guguwar Katrina da ta afka wa New Orleans ranar 29 ga Agustan 2005. Suna cewa ranar da bala'i ya zo, hukuma za ta bi gida-gida ta ƙwace bindigogi. A nan ba su yi ƙarya ba. Kwanaki kaɗan bayan ambaliyar, shugaban 'yan sandan birnin, Eddie Compass, ya ce babu farar hular da za a bari da makami, aka ƙwace ɗaruruwan bindigogi har daga hannun masu riƙe da su bisa doka. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta garzaya kotu, alƙali ya dakatar da aikin a cikin Satumba. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne a 2006 majalisar tarayya ta yi dokar da ta haramta irin wannan ƙwace a lokacin bala'i, George W. Bush ya sa hannu, jihohi da dama kuma suka yi tasu.

Rabin labarin na biyu shi ne wai birnin ya koma daji, ana yanka mutane ana fyaɗe a filin wasa na Superdome inda dubbai suka fake. Magajin gari Ray Nagin da shi kansa Compass sun maimaita waɗannan labarai a talabijin. Da ruwa ya janye, jaridar birnin, Times-Picayune, ta je ta ƙirga. Gawa shida aka samu a cikin Superdome: huɗu rashin lafiya, ɗaya ƙwaya ta yi masa yawa, ɗaya bisa alama shi ya kashe kansa. An fasa shaguna, babu musu, wasu don ruwa da madarar jarirai, wasu don talabijin. Amma jinin da ya fi tsayawa a tarihin waɗannan kwanaki, masu tsoron ɓarayi ne suka zubar da shi. A gadar Danziger, ranar 4 ga Satumba, 'yan sanda sun buɗe wa mutanen da ba su da makami wuta, suka kashe biyu suka raunata huɗu. A unguwar Algiers Point wasu fararen fata sun ɗauki bindigogi da sunan tsaron unguwa suna harbin baƙaƙen da ke neman hanyar tsira, aka ɗaure ɗaya daga cikinsu shekara goma a 2019. Ji-ta-ji-tar harbe-harbe ta kuma jinkirta masu aikin ceto a wasu wurare, alhali tsofaffi na kan rufin gidaje suna jira.

To, me ya kashe mutane? Wani nazari da jami'an lafiya suka yi kan mamatan jihar Louisiana ya nuna kashi 40 cikin ɗari ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabin mamatan 'yan shekara 75 ne zuwa sama. A Texas, lokacin sanyin Fabrairun 2021 da ya durƙusar da lantarki, hukuma ta ƙirga mutum 246, wajen kashi biyu cikin uku sanyi ne ya kashe su, wasu kuma hayaƙin janareta ko na mota ko gawayi a ɗaki rufe. Texas na cikin jihohin da bindiga ta fi yawa, amma babu ko ɗaya cikin waɗannan da harsashi zai cece shi. Masana halayyar jama'a a lokacin bala'i, irin su marigayi Enrico Quarantelli na cibiyar binciken bala'o'i da yanzu ke Jami'ar Delaware, sun shafe shekaru tun daga 1963 suna tattara shaida, abin da suka yi ta gani shi ne maƙwabta sun fi taimakon juna a kan far wa juna, wawashe gari baki ɗaya kuwa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Shi ya sa jerin kayan da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke ba da shawara ya ƙunshi ruwa kusan lita huɗu ga kowane mutum a rana, abinci, magani, tocila, rediyo mai batir, har da usur na kiran taimako, ba a ambaci bindiga ba.

Ban ce makami bai taɓa tsare kowa ba. A tarzomar Los Angeles ta 1992, wadda ta ci rai sama da 60, 'yan Koriya masu shaguna sun hau rufi da bindigogi bayan 'yan sanda sun bar unguwarsu, kuma wasu sun tsira da dukiyarsu ta haka. Hotunan nan har yau ana yawo da su a matsayin hujja. Ba a dai cika haɗawa da labarin saurayi ɗan Koriya mai shekara 18 da ya fita kai ɗauki, harsashin masu gadin shago ya kashe shi bisa kuskure ba.

Wata maganar kuma daga ɗaya ɓangaren take fitowa, ita ma tana buƙatar gyara: wai gidan da aka tara harsasai bam ne, in gobara ta kama zai tashi da unguwa. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ƙa'idojin masu ƙera makamai da harsasai a Amurka, ta ƙona tulin harsasai a gaban 'yan kwana-kwana don gwaji. Harsashin da ba ya cikin bindiga, idan wuta ta ci shi, kwansonsa ne ke fashewa, ya yi ƙara ya watsa 'yan ɓaraguzai, amma ba ya fita da ƙarfin kisa domin babu bututun da zai matse iskar. Bindigar da aka bari da harsashi a ciki ita ce abin tsoro, don in ta yi zafi tana iya tashi kamar an ja kunama. Garin albarushi mai yawa da nakiya kuwa wani babi ne daban, kada a haɗa su da wannan hukunci.

Haɗarin rumbun makamai na gaskiya ba ya jiran ranar bala'i, a ranakun zaman lafiya yake aiki. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka bisa ƙididdigar hukumar lafiya ta CDC, kuma 26,328 daga cikinsu, fiye da rabi, su suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta sha gaban haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Ga kuma sata: hukumar kula da makamai ta ATF ta ce an ba da rahoton sace bindiga sama da miliyan ɗaya tsakanin 2017 da 2021, kusan dukkansu daga gidaje da motocin mutane. Mutum ya tara don tsoron ɓarawo, ya wayi gari shi ne ya ba ɓarawo makami.

Mai karatu a Zamfara ko Katsina zai ce Ba'amurke tsoron abin da bai zo ba yake yi, mu kuwa 'yan bindiga sun riga sun shigo gari. Haka ne, kuma babu adalci a auna manomin da aka sace wa 'ya'ya da ma'aunin mai tara kwalaye a Missouri. Amma akwai ji-ta-ji-ta ɗaya tamu ta gida da ta cancanci gyara, wato cewa an riga an halatta wa kowa riƙe bindiga. Ba'amurke yana jingina da gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791. Tsarin mulkin Nijeriya ba shi da makamancinsa. Gaskiya ne Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga Katsinawa su kare kansu a 2021, kuma a Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce Zamfarawa su nemi lasisin bindiga. Sai dai nan take babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dokar makamai ta 1959, wadda ta tarayya ce, ta kasa bindigogi gida uku: irin na yaƙi kamar AK-47 sai da izinin shugaban ƙasa, na farauta da makamantansu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka ta maharba kuma a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da yake shiga. A 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce rundunar ta dakatar da ba da sabon lasisi. Wanda aka kama da bindigar yaƙi ba izini, hukuncin da dokar ta tanada ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne, kuma jawabin gwamna a rediyo ba takarda ba ce da lauya zai miƙa wa alƙali.