Burtali da Harshe: Haƙƙin da Jama'a Ke Riƙewa Tare

Akwai haƙƙin da mutum ke riƙewa shi kaɗai, kamar gonar gado. Akwai kuma wanda al'umma ke riƙewa tare: burtali, mashaya, wurin kiwo da harshen uwa. Na biyun ya fi saurin salwanta, don in an taɓa shi babu mutum guda da zai ce nasa ne, ya tashi ya kai ƙara.

A Bazaga, da ma ƙasashen Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa a Nijar, Hausawa manoma ne suka fi yawa. Amma Fulani da Abzinawa makiyaya su ma 'yan ƙasa ne. Da damina garkunansu kan haura arewa wajen Abalak, bayan girbi su gangaro kudu, wasu har su tsallaka zuwa ƙasar Sakkwato. Dokar Nijar ta san da wannan zirga-zirga. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, da kujerar makiyaya a cikinsu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali, ta hana kowa mallake filin kiwo shi kaɗai.

Sai dai ba a rana ɗaya ake cinye burtali ba. Bana mai gonar gefe ya ƙara kunya biyu, baɗi maƙwabcinsa ya ƙara uku, har hanyar da ke ɗaukar garke ta koma ta jaki da kaya. Shanu su matsu, su faɗa cikin gero, a ce ɓarna, a yanka tara. Wanda ya ci hanyar kuwa ba a tambaye shi ba. In gaba ta taru, ƙarshenta jini: a Toda ta jihar Maradi an kashe mutum fiye da 100 a 1991, akasarinsu Fulani, haka kuma an yi asarar rayuka a Bangi ta ƙasar Madawa a 2016.

A wajen sulhun ɓarna ne maganar harshe ke fitowa fili. Ana zaman da Hausa, a rubuta takarda da Faransanci, makiyayi ya dangwala yatsa. Ya iya Hausar cinikin sa a kasuwa, amma Hausar kasuwa daban, ta shari'a daban. Haka Bafulatanar da ta kai ɗanta asibiti take kame-kamen kalmar da za ta kwatanta ciwon, haka yaron ruga ke shiga aji ya tarar da harsuna biyu, babu nasa ko ɗaya.

Dokar 2001 ta ba harsuna 10 matsayin harsunan ƙasa, ciki har da Fulatanci, Tamajak, Tubanci, Buduma da Tasawak ta mutanen Ingal. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki, sauran kuma aka lissafa su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Bahaushe na da dalilin murna, amma girman ya zo da nauyi. Wanda ya daɗe yana kukan Faransanci ya danne harshensa bai kamata ya juya ya danne na maƙwabci ba. Mu Hausawa ma a zangunan Kumasi da Akara 'yan tsiraru ne, mun san daɗin a bar mu da harshenmu.

Haƙƙin da al'umma ke riƙewa tare ba baƙon tunani ba ne a nahiyarmu. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ta haɗa haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, shekaru 26 kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwarta kan 'yan asalin ƙasa a 2007.

Abin da ya rage aiki ne na gida. A kafa wa burtali alamu kafin shuka, a gaban mai gari da arɗo. A sanar da ranar sakin gonaki a rediyo da Fulatanci da Tamajak, ba da Hausa kaɗai ba. A sa tafinta a duk zaman sulhu, a karanta wa mutum takarda da harshensa kafin ya dangwala. Duk waɗannan ba su kai kuɗin diyyar rai ɗaya ba.