Michael Gove da Makarantun Ingila: Abin da Ya Gyara da Abin da Ya Ɓata

A kowane watan Yuni, malaman firamare a Ingila sukan zaunar da yara 'yan shekara shida ɗaya bayan ɗaya, su miƙa wa kowanne takarda mai kalmomi 40 ya karanta. Rabin kalmomin ba su da ma'ana ko kaɗan, an ƙirƙire su ne kawai don a gane ko yaro ya iya haɗa sautin harafi da harafi, ko kuwa hadda ya yi. Da aka fara wannan gwaji a 2012, kashi 58 cikin ɗari ne suka kai mizanin da ake nema. Zuwa 2019 adadin ya kai kashi 82. Mutumin da aka shigo da gwajin a zamaninsa shi ne Michael Gove, ɗan jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 2010 zuwa 2014. Malamai sun tsane shi ƙwarai, amma har yau a kan tubalin da ya aza makarantunsu suke tafiya.

Gove ba ɗan gata ba ne. Riƙonsa aka yi tun yana jariri a birnin Aberdeen na Sikotilan, a gidan wani mai sana'ar sarrafa kifi, karatu ne kuma ya kai shi Jami'ar Oxford, daga nan ya shiga aikin jarida. Wannan asali ya bayyana a aƙidarsa. A ganinsa, babban zaluncin da ake yi wa ɗan talaka shi ne a tausaya masa har a sauƙaƙa masa darasi. Ya ɗauki ra'ayin masanin nan Ba'amurke, E. D. Hirsch, wanda ya nuna cewa fahimtar rubutu ta dogara ne ga yawan abin da mai karatu ya riga ya sani. Ɗan mai hali yana tsintar tarihi da labarin ƙasa da kalmomi a hirar gida. Ɗan talaka kuwa idan bai samu a aji ba, to ba inda zai samu. Saboda haka makarantar da ta ce za ta koyar da "dabarun tunani" ta bar sanin abubuwa, ɗan talaka ta cuta.

A nan ina tare da shi. Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar ɗaliban shekarar farko a jami'a ya san cewa ba a yin nazari da kai fanko. Gove ya sake manhajar ƙasa, ya tsananta jarrabawar kammala sakandare, ya rage makin da ake samu daga aikin gida, ya matsa wa makarantu su riƙe Turanci da lissafi da kimiyya da harshen waje da tarihi ko labarin ƙasa. A binciken ƙasa da ƙasa na iya karatu na 2021, Ingila ta zo ta huɗu. Ilimi a Birtaniya kowane yanki da ikonsa, kuma Sikotilan, inda Gove ya taso, ta bi manhajar da ta fifita dabaru a kan ilimi, sakamakonta a lissafi ya yi ta zamewa. Adalci ya wajabta a faɗi cewa gwamnatin Leba ce ta fara dawo da koyar da karatu ta hanyar sauti bayan wani rahoto na 2006, kuma ƙaramin minista Nick Gibb ne ya ɗauki nauyin aikin shekara da shekaru. Amma Gove ne ya ba shi ƙarfin siyasa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Turanci harshe ne da rubutunsa ya yi hannun riga da furucinsa, duk da haka hanyar ta yi aiki. Rubutun boko na Hausa kuwa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne. Ba mu da wani uzuri idan yaro ya kai aji huɗu bai iya karanta sunan garinsu ba.

Gyaransa na biyu ya fi jawo gardama. Dokar 2010 ta ba makarantun gwamnati damar ficewa daga hannun ƙananan hukumomi su zama akadami, suna karɓar kuɗi kai tsaye daga gwamnatin tsakiya, ta kuma buɗe ƙofa ga iyaye da ƙungiyoyi su kafa sababbin makarantu da kuɗin hukuma. Kafin ya hau, irin waɗannan makarantu 200 ne da 'yan kai; yau mafi yawan sakandaren Ingila haka suke. An kira abin 'yanci, amma ikon da aka karɓe daga kansiloli teburin minista ya koma. Shi kuwa ministan bai iya bakinsa ba. Ya laƙaba wa malaman tsangayoyin ilimi da ƙungiyoyin malamai sunan wani dodo na tsohon fim, mai haɗiye duk abin da ya taɓa. A 2013 manyan ƙungiyoyin malamai suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, a Yulin 2014 David Cameron ya ɗauke shi daga ma'aikatar, zaɓe na ƙaratowa.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa mai ra'ayin riƙau a can daidai yake da wanda muke kira haka a nan. Ba haka ba ne. Gove ɗin da ya aika wa kowace makarantar gwamnati kwafin tsohuwar fassarar Baibul ta Sarki James a 2012, shi ne ya goyi bayan dokar auren jinsi a 2013. Da ya zama ministan shari'a kuma, ya sassauta dokar da ta taƙaita littattafai ga fursunoni. Riƙonsa na al'adun karatu ne da martabar ƙasa, ba na tarbiyyar addini ba.

Inda aƙidarsa ta yi tuntuɓe shi ne Birmingham. A farkon 2014 wata wasiƙa marar sa hannu ta fito fili, tana bayyana wai wani shirin masu tsattsauran ra'ayin Musulunci na ƙwace makarantun gwamnati a unguwannin Musulmi. Mutane da yawa sun yi shakkar sahihancinta tun daga farko. Gove, wanda tun 2006 ya wallafa littafi a kan barazanar siyasar Musulunci ga Yamma, bai naɗa masanin ilimi ya bincika ba, sai ya ɗauko Peter Clarke, tsohon shugaban sashen yaƙi da ta'addanci na 'yan sandan Landan. Hukumar duba makarantu ta binciki guda 21, ta saka biyar a rukunin waɗanda suka gaza, ciki har da Park View, wadda kimanin shekara biyu kafin nan aka ba ta daraja mafi girma. Rahoton Clarke ya ce an yi yunƙurin cusa tsaurin addini a wasu makarantun, kuma ba na musun cewa akwai abubuwan da suka cancanci gyara, amma bai samu shaidar ta'addanci ba. A 2017 shari'ar ladabtarwa da aka yi wa manyan malaman ta rushe, domin lauyoyin hukuma sun ɓoye bayanan shaidu.

Park View makaranta ce ta 'ya'yan talakawa, mafi yawansu 'yan asalin Pakistan, wadda iyaye da gwamnoninta suka ɗaga daga ƙasa har sakamakonta ya zama abin kwatance. Wato ainihin abin da Gove ya yi ta kira a yi ke nan: iyaye su shigo, a ɗaga buri, a daina yi wa ɗan talaka uzuri. Da masu shigowar suka kasance Musulmi masu son addininsu ya bayyana a makaranta, sai aka koma maganar tsaro, aka kuma wajabta wa kowace makaranta yaɗa "ɗabi'un Birtaniya".

Ba zan ce ƙofar ta rufe gaba ɗaya ba. Ƙungiyar Tauheedul ta garin Blackburn ta yi amfani da dokar Gove ta buɗe makarantu masu yawa, makarantarta ta 'yan mata kuma ta taɓa zama ta ɗaya a ƙasar a ma'aunin ci gaban ɗalibai. A gefe guda, makarantar Michaela ta Landan, wadda ita ma ɗiyar wannan doka ce kuma ta yi fice a sakamako, ta hana yin salla a harabarta. Wata ɗaliba Musulma ta kai ƙara, a Afrilun 2024 babbar kotu ta ba makarantar gaskiya.