Man Takalmi Mai Launi da Farar Shadda a Kasuwar Adjamé

A kasuwar Adjamé da ke Abidjan ana zube takalman gwanjo tsibi-tsibi, but da sau-ciki, ga bel-bel a rataye. Yawancinsu sun daɗe a ɗaure cikin dila, fatar ta bushe, launin ya koɗe. Kafin mai saye ya iso, an lafta musu mai baƙi ko ruwan ƙasa, suna ta sheƙi. Sai daga baya ɓarnar ke fitowa: ma'aikacin ofis a Plateau ya ga baƙin layi a ƙugun farar taguwarsa, ko alhaji ya sauko daga masallacin Juma'a a Treichville ya tarar bakin wandon shaddarsa ya rine.

Irin wannan mai haɗi ne na abu uku: maiƙon da ke tausasa fata, kakin da ke sa sheƙi, da launi. Aikinsa ya dogara ga fatar da aka shafa wa. Wadda aka rina aka bar ƙofofinta a buɗe tana shanye maiƙon, launin ya bi shi ciki. Amma takalman masana'anta da yawa an lulluɓe fuskarsu da siririn fenti na roba, wasu ma ba fata ba ce sam. A kansu man ba shi da wurin shiga, sai ya kwanta a sama, tufa na gogarsa ta kwashe. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa a gane: in wurin ya yi duhu ruwan ya nutse, fatar za ta sha mai, in ya tsaya ƙwal, kaki kawai take buƙata.

Yanayin Abidjan kuma bai taimaka ba. Birni ne na bakin teku da tafkin Ébrié, iskarsa cike da laima, musamman a babbar daminar Mayu zuwa Yuli. Man da zai bushe cikin sa'o'i kaɗan a hunturun Maraɗi, a nan yakan kwana da danshi. Ga zufa, wadda ke jiƙa launin ta saki shi.

Saboda haka shafa mai kauri kuskure ne babba. A fara goge ƙura da funfuna, a ɗebi mai kaɗan da tsumma a murza, a bar shi ya kwana a inuwa inda iska ke kaɗawa, sannan a bi shi da burushi sosai. Daga nan a rufe da kaki marar launi. Kakin karnuba na Brazil sai zafi ya haura digiri 80 yake narkewa, na zuma kuwa wajen 63, shi ya sa na farkon ya fi riƙe launi a rana. Masana'antun fata suna da gwajin da ake kira ISO 11640, inda na'ura ke goga farin ƙyallen ulu a kan fata, busasshe da jiƙaƙƙe, har da mai zufar da aka haɗa a ɗakin gwaji, a duba yawan launin da ya ɗauka. Mai saye zai iya yin kwatankwacinsa da farin hankici a gaban mai kaya, kuma haƙƙinsa ne.

Dukawan Kano da Sakkwato sun daɗe da wata dabara ta daban. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, in aka shafa mata ruwan ƙarfe, sinadarin bagaruwar ne ke haɗuwa da ƙarfen a cikin naman fatar ya zama baƙi. Ba a sama launin yake ba, don haka da wuya ya bi tufa.

Bel ya fi takalmi wuyar sha'ani, domin yini yake a matse da jiki cikin zafi da zufa. Fuskar waje kaɗai ake sa wa mai launi, a tsaya kafin gefe. Cikinsa da ramukan ƙugiya, in sun bushe, ɗan man kaɗanya ya wadatar, shi ma a goge rararsa, a rataye bel ɗin kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗaura shi a kan farar tufa.