Ina Ya Dace a Ajiye Hita a Tankin Kifi?

A tsakanin watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga hamadar Sahara, zafin iska kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Mutum kan lulluɓa da bargo, amma kifi ba shi da wannan dama, domin zafin jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki ne. Tarwaɗa ta fi cin abinci da girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30, kuma a irin wannan ɗumi ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana guda. Idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai sai ta rage ci, ƙananan 'ya'yanta kuwa su yi ta mutuwa.

Kifin da ke madatsar ruwa ta Kazaure yana da sauƙi, domin ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. Wanda ke cikin akwatin gilashi a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, ko a tankin mai ƙyanƙyasa, shi ne ke buƙatar hita, wato sandar gilashi mai ɗumama ruwa da lantarki, wadda ke kashe kanta idan zafi ya kai inda aka saita ta.

Masu kiwo da yawa kan haɗa tankin kifi da wani ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa, wanda ake kira tankin tacewa. An raba shi ɗaki-ɗaki da allunan gilashi. Ruwa mai datti yana gangarowa ɗakin farko, ya bi ta cikin soso da tsakuwa, ya tsallaka allo zuwa ɗakin tsakiya, sannan ya zuba a ɗakin ƙarshe, inda famfo ke tura shi sama. To, a ina ya kamata hita ta zauna?

Ba a tankin kifin ba. Tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, tana kuma son jingina da abu, saboda haka hita na iya ƙona mata fata, babba kuwa na iya fasa gilashin. Bugu da ƙari, ruwa mai zafi sama yake tasowa. Idan ba ya gudana, sai gefen hitar kaɗai ya ɗumama, ta kashe kanta alhali sauran ruwan na da sanyi.

Haka nan ba a ɗakin famfo ba, kuma dalilin yana cikin busasshiyar iskar hunturu, wadda ke shanye ruwa da sauri. Tun da alluna ne ke tsayar da zurfin sauran ɗakunan, duk ruwan da ya tafi a iska a ɗakin ƙarshe raguwarsa ke bayyana. Da zarar hita ta fito fili tana kunne, sai ta yi zafi fiye da kima, gilashin ya tsage, lantarki ya shiga ruwa.

Mazauninta na ƙwarai shi ne ɗakin tsakiya, inda zurfin ruwa ba ya canzawa kuma ruwan tacacce ne mai gudana. A kwantar da ita can ƙasa ta nutse gaba ɗaya. Ma'aunin zafi kuwa a tankin kifin za a sa shi, domin idan famfo ya lalace, hita za ta ci gaba da ɗumama tankin ƙasa kaɗai, kifi na sama suna shan sanyi.

Akwai lissafin da ɗalibai za su iya yi da kansu. Lita ɗaya ta ruwa na buƙatar jul 4,200 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Ke nan ɗaga lita 100 da digiri 5 zai ci jul 2,100,000, wanda hita mai wat 200 za ta yi kusan awa uku tana bayarwa. Amma lita ɗaya tak da ta zama tururi tana tafiya da kimanin jul 2,400,000, wato fiye da aikin waɗannan awowi uku. Wannan hikima ce ke sanyaya ruwan randa, kuma da ita Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ke amfanin mai tumatir, shi ne asarar mai kifi.

Don haka murfi a kan tankunan biyu ya zama wajibi, yana rage aikin hita, yana kuma riƙe ɗumi idan aka ɗauke wuta da dare. A riƙa cika ɗakin famfo kullum, kuma kada a tsoma hannu a ruwa sai an zare hita daga soket.